Yadda Manajan Gini Zai Samu Takardar Shaidar Ƙwarewa, Daga FMP Zuwa CFM

Da yawa daga cikin masu kula da filazoji, rukunin shaguna, ofisoshi da asibitocin kuɗi a Kano, Kaduna da Abuja ba makarantar wannan aiki suka yi ba. Wani ma'aikacin lantarki ne aka ce ya riƙa duba janareta, sannu a hankali aka haɗa masa masu gadi da masu shara da bin kuɗin haya. Wani kuwa ɗan'uwan mai ginin ne da aka yarda da amanarsa aka damƙa masa makullai. Sun iya aikin, wasu ma sun fi masu digiri sanin ciwon gini. Amma ranar da banki, ko kamfanin sadarwa, ko wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta fitar da sanarwar neman manaja, takarda ake fara tambaya, sai a ture wanda ya shekara goma yana aikin a ɗauki wanda ya zo da haruffa uku a bayan sunansa, irin su FMP ko CFM, wato takardun shaidar ƙwarewa a kula da gini. Abin yana da ciwo, kuma yana da magani. A watan Afrilun 2022 ma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11 game da kula da gine-ginen gwamnati, alamar cewa sana'ar ta fara samun mazauni a hukumance. Ga hanyar da nake ganin ta fi dacewa da mai aiki a nan, daki-daki.

Mataki na farko: tantance wane aiki kake yi

Ayyuka biyu ne ake cakuɗa su, kuma kowanne da takardarsa. Akwai mai kula da dukiyar haya: shi ke neman 'yan haya, ya rubuta yarjejeniya, ya karɓi kuɗi, ya kai wa mai gini ribarsa. Akwai kuma mai kula da lafiyar ginin da jin daɗin mutanen ciki: wuta, ruwa, na'urorin sanyaya ɗaki, lifta, tsaro, tsafta, kariya daga gobara, 'yan kwangila. A ƙaramar filaza mutum ɗaya ne ke ɗauke da duka biyun. Ɗauki takarda ka rubuta abin da ka yi a makon jiya, daga Litinin zuwa Asabar, ka ga inda lokacinka ya fi tafiya.

Idan haya ce ta rinjaya, to a Najeriya maganar doka ce kafin maganar satifiket. Hukumar ESVARBON, wadda dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa, ita ke yi wa masu kimanta gidaje da filaye rajista, ƙungiyarsu kuma ita ce NIESV, wadda aka kafa a 1969. Hanyar shiga ita ce digiri ko babbar difloma a fannin kula da kadarori, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Bayero, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, Jami'ar Fasaha ta Minna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, sannan horo a ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, sannan jarrabawar ƙungiya. Babu wata takardar ƙasar waje da za ta ba ka ikon buga hatimi a rahoton kimanta gini. Haka nan ba za ta mai da kai injiniya ba, wannan hurumin COREN ne, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Duk wanda ya ce maka akasin haka, kuɗinka yake so.

A ɓangaren haya akwai takardun Amurka da ake girmamawa. Cibiyar IREM da ke Chicago, wadda ta fara a 1933, tana ba da takardar CPM ga wanda ya yi watanni 36 yana kula da dukiyar haya, da ACoM ga mai shekara ɗaya a gine-ginen kasuwanci. Cibiyar BOMI tana da takardar RPA ta masu kula da dukiyar haya, da FMA wadda ta fi karkata ga lafiyar gini. Karatunsu mai kyau ne, sai dai an gina shi a kan dokokin haya da haraji da inshora irin na Amurka, don haka ban cika ba wanda zai ci gaba da aiki a Kano shawarar farawa da su ba. A Ingila kuma akwai IWFM, ƙungiyar masu kula da gine-gine da wuraren aiki, wadda a da ake kira BIFM kafin ta sauya suna a 2018, mai matakan karatu daga na 2 zuwa na 7, da RICS, ƙungiyar masu kimanta gidaje da filaye, wadda ta daɗe tun 1868.

Idan kuwa lafiyar gini ce ta cinye makonka, hanyar da zan bi da kai ita ce ta IFMA, ƙungiyar masu kula da gine-gine ta duniya, wadda aka kafa a 1980, hedikwatarta a Houston ta jihar Texas, kuma tana da reshe a Najeriya. Dalilina shi ne ana iya karatunta daga gida, kuma masu ɗaukar aiki a Legas da Abuja da ƙasashen Larabawa sun san sunanta.

Mataki na biyu: fara rubuta aikinka tun yau

Wannan shi ne matakin da ba ya cin ko sisi, kuma shi ne wanda ya fi kayar da mutanenmu. Manyan takardun duk suna tambayar shekarun aiki, kuma ba da baki ake faɗa ba. Mutum zai ce ya shekara takwas yana kula da filaza, a ce ina takardar ɗaukar aiki, ya ce ai Alhaji da baki ya ɗauke ni. To je ka sami Alhajin tun yana raye kuma kuna shiri, ka roƙe shi ya rubuta maka wasiƙa a kan takardar kamfaninsa: ranar da ka fara, sunan muƙaminka, da ayyukan da ke hannunka. Kada a rubuta «yaronmu ne mai amana» a tsaya. A rubuta cewa kai ke tsara kasafin gyara, kai ke sa ido a kan 'yan kwangila, kai ke kula da ma'aikata kaza.

Sannan ka buɗe fayil, na takarda ko na kwamfuta, ka riƙa tara waɗannan: faɗin ginin da murabba'in mita, yawan shaguna ko ofisoshi, jerin injuna da ƙarfin kowanne, kasafin shekara, yarjejeniyoyin da ka ƙulla da kamfanin tsaro ko na shara, da kowane babban gyara da ka jagoranta daga farko zuwa ƙarshe. Littattafan Amurka da ƙafa suke auna faɗi, don haka ka riƙe cewa murabba'in mita ɗaya ya kai kusan murabba'in ƙafa 10.76.

Dubi littafin janareta kawai. A yawancin wurare wani tsohon littafin makaranta ne rataye a ƙusa, ya sha baƙin mai, mai gadi yana rubuta «an tayar ƙarfe bakwai, an kashe ƙarfe ɗaya» in ya tuna. Ka mai da shi littafi na gaske: lambar da agogon injin ke nunawa lokacin tayarwa da lokacin kashewa, litar dizal da aka zuba, wanda ya zuba, ranar da aka yi juyen mai da canjin matata. Yawancin janaretocin dizal ana yi musu juye duk bayan awa 250 ko abin da littafin injin ya ce. Bayan wata uku za ka iya faɗin litar da injin ke sha a awa ɗaya, kuma ranar da lissafin ya haura ba tare da ƙarin kaya ba, ka san ko dai injin na neman gyara ko akwai jarka da ke fita ta ƙofar baya. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, wannan lissafin ne ke nuna wa mai gini ko sola za ta biya kanta. Abin da za ka tarar a cikin littattafan jarrabawar ke nan da manyan kalmomi. Wanda ya riga ya yi shi da hannunsa, karatun zai zo masa da sauƙi.

Mataki na uku: FMP

FMP (Facility Management Professional), takardar IFMA ta matakin farko, ita ce ƙofar shiga. Ba ta neman digiri, ba ta neman shekarun aiki, kuma idan ka same ta ba a sabunta ta. Darussa huɗu ne: tafiyar da gini da gyare-gyarensa, jagorantar aiki na musamman daga farawa zuwa miƙawa, kuɗi da harkar kasuwanci, sai shugabanci da tsara dabarun gaba. Kowane darasi yana da jarrabawarsa ta intanet, tambayoyi ne na zaɓi, kuma ana neman kashi 75 cikin ɗari. Idan ka haye duka huɗun sai ka cika takardar neman shaida ka biya kuɗinta.

Yadda za ka yi: buɗe asusu a shafin IFMA da sunanka daidai yadda yake a fasfo ko katin ɗan ƙasa. Idan Muhammad ne a fasfo kada ka rubuta Mohammed, domin wannan sunan ne zai fito a takardar, kuma da shi za a tantance ka nan gaba. Kafin ka biya komai, kwatanta farashin mamba da na wanda ba mamba ba. Mambobi suna samun ragi, kuma idan ka lissafa za ka ga ko kuɗin shiga ƙungiyar zai fita daga cikin ragin. Za ka iya karatu kai kaɗai ko ka shiga aji a ƙarƙashin malamin da ƙungiyar ta amince da shi. Idan wani ya tallata maka aji a WhatsApp, tambayi reshen ƙungiyar na Najeriya ko sun san shi. Takardar halartar taron kwana uku a otal daban take da FMP, ko da an buga mata tambari mai ƙyalli.

Da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 abin ya yi nauyi. Ana iya sayen darussan ɗaya bayan ɗaya, ko da yake sayen su a haɗe ya fi sauƙi. Kafin ka taɓa aljihunka, kai wa mai gidanka maganar a rubuce, da lissafin abin da littafin janareta ya riga ya ceto masa. Wasu kamfanonin za su biya bisa sharaɗin ka zauna da su shekara ɗaya ko biyu, kuma sharaɗi ne na adalci. Ka kuma duba wa'adin da aka ba ka na amfani da darussan, kada ka saya ana gobe azumi ko lokacin da ka san aiki zai sha kanka.

Shawarata ka fara da darasin tafiyar da gini, domin shi ne ka fi sani, zai saba maka da salon Turancinsu ba tare da ka sha wuya biyu ba. Ka bar darasin kuɗi ya zo na biyu ko na uku, ka kuma ba shi lokaci mai yawa, domin nan ne masu aikin hannu suka fi tuntuɓe. Za a koya maka bambancin kuɗin da ake kashewa yau da gobe da kuɗin sayen babban kaya, da raguwar darajar inji shekara bayan shekara, da lissafin abin da kaya zai ci tsawon rayuwarsa. A ce famfon tura ruwa guda biyu ne a gabanka, ɗaya naira dubu 400, ɗaya dubu 700. Mai arhar yana ƙonewa duk bayan shekara biyu kuma ya fi jan wuta, mai tsadar yana kai shekara shida. A shekara shida ka sayi mai arhar sau uku, miliyan ɗaya da dubu 200 ke nan, ban da kuɗin mai gyara da ranakun da banɗakunan filaza suka kwana babu ruwa 'yan haya suna zage-zage. Kowa ya san araha ba ta ado, amma darasin zai koya maka yadda za ka zana wannan a takarda ɗaya har mai gini ya sa hannu.

Awa ɗaya bayan sallar asuba, kafin wayar 'yan haya ta fara ruri, ta fi awa uku na dare bayan ka gaji. Ka ajiye ƙaramin littafi na kalmomin da ba ka sani ba, kowace kalma ka rubuta kusa da ita abin da take nufi a gininka. Inda littafin ya yi maganar injunan da ba ka taɓa gani ba, kamar babbar na'urar sanyaya gini gaba ɗaya da ruwan sanyi ko tsarin yayyafin ruwa na kashe gobara, nemi abokin sana'a a babban otal ko asibitin koyarwa ko irin su Ado Bayero Mall ya zagaya da kai ɗakin injuna. Rabin yini a can ya fi karanta babin sau uku.

Mataki na huɗu: CFM

CFM (Certified Facility Manager) ita ce babbar takardar IFMA, kuma ta sha bamban da FMP. Ba kwas ba ce da za ka karanta ka haddace, jarrabawa ce ta gwada wanda ya riga ya goge. Sharaɗin da aka daɗe ana bi shi ne shekara biyar na aikin kula da gini, ko shekara uku ga mai digiri a fannin kula da gini, tare da horo a kan ɗa'ar sana'a. Nan ne fayil ɗin mataki na biyu zai yi maka rana. Sauke littafin jagorar 'yan jarrabawa na shekarar da kake ciki daga shafin ƙungiyar ka karanta shi tsaf, domin daga lokaci zuwa lokaci ana sabunta tsarin tambayoyi da kuɗi, kuma abin da ke ciki shi ne hukunci.

Fannonin da ƙungiyar ta daɗe tana aunawa goma sha ɗaya ne. Huɗu ka riga ka gamu da su a FMP. Sauran su ne jin daɗi da lafiyar masu amfani da gini, tattalin makamashi da muhalli, bayanai da fasahar zamani, kandagarkin haɗari, sadarwa, auna ingancin aiki, da harkar kadarori. Ka zauna ka ba kanka maki a kowanne da gaskiya. Inda ka ga ba ka taɓa yin komai ba, nemi aikin a wurin aikinka maimakon ka nemi littafi kawai. Idan ba ka taɓa tsara shirin gaggawa ba, tsara shi: ina mutane za su bi su fita, wa ke da makullin ƙofar baya, yaushe aka cika tukwanen kashe gobara, lambar 'yan kwana-kwana tana manne a ina. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta yi wa 'yan kasuwar Kano ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan wannan fanni.

Tambayoyin yanayi suke kawowa, amsoshi huɗu, sau da yawa biyu ko uku duk suna da ma'ana, ana neman wadda ta fi dacewa ko wadda za a fara yi. Ga misali irin nawa: ma'aikatan wani bene suna kukan ciwon kai tun da aka yi sabon fenti da kafet. Za ka kira ɗan kwangila ka ci shi tara, ko ka sayo sababbin na'urori, ko ka rubuta wa shugaba rahoto, ko ka fara binciken iskar wurin ka kuma kare mutanen? Al'adar aikinmu takan ja mu zuwa ga neman mai laifi ko jiran umarnin oga. Jarrabawar tana son ka sa ran mutane a gaba, ka tattara bayani kafin ka kashe kuɗi, ka bi ƙa'idar da aka rubuta. Haka nan kada ka amsa da yadda ake yi a filazarku inda babu kasafi. Amsa da yadda ya kamata a yi.

Idan an amince da takardarka ta neman shiga jarrabawar, za a ba ka wa'adi ka zaɓi rana a cibiyar jarrabawa ta kamfanin Prometric. Duba cibiyar da ta fi kusa da kai tun kafin ka biya, ka haɗa kuɗin mota da masauki a lissafi. Akwai kuma hanyar rubutawa daga gida ana kallonka ta kyamara, amma sai ka tabbatar da wuta da intanet da ba za su yanke ba na tsawon awanni, da ɗakin da yaro ba zai turo ƙofa ba. Ni dai na fi natsuwa da zuwa cibiya. Kafin ranar, yi jarrabawar gwaji a zama ɗaya da agogo a gabanka, domin gajiyar karanta dogayen tambayoyi da Turanci tana kayar da wanda ya san amsa. Tambayar da ta tsaya maka, yi mata alama ka wuce, ka dawo mata daga baya. Ka isa da wuri da katin shaida mai ɗauke da sunan da ka yi rajista da shi, harafi da harafi.

Wanda aikinsa ya karkata ga rage kuɗin wuta da ruwa da shara zai iya ƙara SFP, takarda ta uku ta ƙungiyar. Wanda kamfaninsa ke neman manyan kwangiloli kuma ya karanta ISO 41001 na 2018, ma'aunin ƙasa da ƙasa na tsarin kula da gine-gine, amma ya sani kamfani ake ba shaidarsa, ba mutum ba.

Mataki na biyar: riƙe ta, ka kuma ci moriyarta

CFM duk shekara uku ake sabunta ta. Ana duba cewa kana nan cikin aikin, kana ƙaro ilimi, kana taimaka wa sana'ar ta hanyar halartar taruka, koyar da na baya ko rubutu. Duk taron da ka je karɓi shaidar halarta ka jefa cikin fayil ɗin nan, ka sa ranar ƙarewar wa'adi a wayarka da tunatarwar wata shida kafin lokaci, saboda haɗa dala yana ɗaukar lokaci.

A takardar neman aiki, sa haruffan bayan sunanka, amma a ƙarƙashi ka kawo aikin da adadi: gini mai shaguna kaza, ma'aikata kaza, dizal ya ragu daga lita kaza zuwa kaza a wata. Ka kuma ɗauki abu ɗaya daga karatun ka aiwatar a cikin wata na farko. Mafi sauƙi shi ne jadawalin gyara kafin lalacewa: wanke na'urorin sanyaya ɗaki kafin zafin Maris, yashe magudanai da duba rufi kafin ruwan Yuni, share faifan sola akai-akai lokacin hunturu saboda ƙura, gwada famfon kashe gobara kowane wata. Manna shi a bangon ofis, kowane layi da sunan wanda zai yi da ranar da zai yi, ka kuma raba wa 'yan haya bayanin yadda aka kashe kuɗin hidimar da suka biya a ƙarshen kowane wata uku, da kwafin rasit.